Saiwar Sinawa da Ta Zama Karas

Kawu Sule,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna Hajara da yara. Ya ƙarfin jiki? Ya damina? Mu nan sai zafi, amma alhamdulillahi.

Kawu, saiwar nan ta Sinawa, jinsen, da ka ce in aiko maka saboda kasala, saura ƙiris in aiko maka da kayan miya. A wani shago na saye ta a unguwar Deira, cikin jan kwali, mai shagon yana ta "orijinal, habibi". Isufu, ɗan Maraɗin da muke ɗaki ɗaya, ya ce bari ya ɗanɗana maka. Kwana uku yana dafawa yana sha, har ya daina hawa lifta, sai matakalar bene, wai jinin samartaka ya dawo.

Allah ya sa na nuna wa wata 'yar Sin mai tantance magungunan gargajiya kusa da wajen aikinmu a unguwar Al Quoz. Ta shinshina, ta yanka, ta tauna, sai ta fashe da dariya. Ashe farin karas ne aka busar! Ta ce na auna arziki, wasu har da farar wuta suke turara shi.

Na gaya wa Isufu, ya ce, "Ita ta san Sin, ni na san jikina." Ya ƙwace ragowar.

Ta gasken tana tafe da takardar gwaji, amma ka nuna wa likitanka tukuna saboda hawan jinin. A sa mu a addu'a. Ka gaida Inna, ka ce kada labarin nan ya kai majalisar ƙofar gida.

Ɗanka,
Nasiru