Ina Ƙara Kagoma, Sai Wayam

Yaya Kaleb,

Na fita kana barci, zan bi motar farko zuwa makaranta. Na ɗauki kwamfutarka, yi haƙuri.

Jiya a laburare na zuba taken bincikena gaba ɗaya a rumbun takardun ilimi na intanet, ko guda bai fito ba. Madam Ifeyinwa mai kula da wurin ta ce ba haka ake yi ba, sai an zaɓi kalmomi kaɗan tukuna. Muka sa "harshen uwa" da "firamare" da Turanci, takardu suka zubo kamar ruwan Agusta, na Kenya, na Indiya. Ina ƙara sunan garinmu, "Kagoma", sai wayam. Muka gwada sunan yarenmu, duk ɗaya. Malamin da ke duba aikina ya ce in ban kawo abin da aka rubuta a kanmu ba ran Litinin, in canja take. A ina zan samo?

Ka kira Baba, ka ce masa kada ya tara mini malaman firamaren da ya shirya in yi wa tambayoyin bincikena bayan sujada ran Lahadi. Kar ka faɗa masa dalili. Shi har yanzu yana ɗauka masu ilimi sun san da mu.

Lai'atu