Rumbun Ƙarƙashin Tebur

Litinin, 3 ga Maris
Tun da ofis suka sallame ni, wai zamani ya wuce ni, ban ƙara taɓa kwamfuta da marmari ba. Ni da na koya musu kunna ta! Yau na ci karo da wata 'yar manhaja, kyauta, a buɗe, kowa na iya karanta cikinta ya gyara. Tana mai da tsohuwar kwamfuta rumbun ajiya, dangi su shiga ta wayoyinsu, ba ruwanmu da wani kamfani.

Laraba, 5 ga Maris
Ta tashi! A kan tsohuwar kwamfutar nan mai fasasshen gilashi, ko nishi ba ta yi. Na kama kaina ina dariya ni kaɗai.

Asabar, 8 ga Maris
Na kwashe hotuna da saƙonnin muryar matata Hajiya, Allah ya jiƙanta, daga wayata, na zuba a rumbun. Wayar da ma ranta ɗaya, da yamma ta mutu. Auta ta ce, "Baba, a ajiye kwafi wani wuri mana." A wurin wa? Nawa ya isa.

Lahadi, 9 ga Maris
Kowa na ba shi ikon kallo kawai. Yaya, babban wana, ya gane. "Wato ni da jikokinka ɗaya muke a wurinka?" Na ba shi iko daidai da nawa.

Talata, 11 ga Maris
Yara sun cika ɗakin, suna jin kakarsu tana yi mini faɗa na manta maganina. Suka yi ta maimaitawa, suna tuntsirewa. Rabon gidan nan da irin wannan!

Alhamis, 13 ga Maris
Jakar muryoyin wayam. Wai wayar Yaya ta cika, ya share "tarkace", ya ɗauka nasa yake gogewa. Kwandon shara kuwa, mai riƙe abin da aka goge, ban kunna shi ba, don kada manhajar ta yi nauyi.

Lahadi, 16 ga Maris
Yaya ya zauna, ya kasa ɗaga kai. Na rage masa iko a gabansa, na zuba masa shayi. Auta ta kawo faifan ajiya na biyu, ta nuna mini yadda zai riƙa kwafe komai kullum. Na bar ta ta nuna. Yarinyar ba laifi.

Hotuna duk suna nan. Muryar Hajiya ce babu ko ɗaya.