Mijina Yana Ɓamɓare Daɓen Da Na Yi Wa Wata Alkawarinsa

Malama Liesbeth,

Don Allah ki taimake ni kafin mutumin nan ya karya kansa, ko ni in karya shi. Ina rubuta miki ne a tsaye, don na kasa zama. Daga ɗakin kwana ina jin ƙarar ƙarfe a kan katako, gaf-gaf, kowane bugu kamar a kaina.

Ƙarshen watan nan za mu bar gidan hayar da muka tsufa a cikinsa a garin Zwolle, mu koma ƙaramin gida a bene mai lif, don gwiwoyin mijina Wiebe sun gaji da matakala. Kin dai san ƙa'ida: yadda aka ba ka gida da siminti tsirara, haka za ka mayar, sai in mai shigowa ya yarda ya karɓi daɓenka. To namu ba irin ledar nan mai kama da katako ba ce. Katako ne na gaske, mai kauri, wanda Wiebe ya shimfiɗa da hannunsa muna sabon aure, shekarar da muka haƙura da tafiya hutu saboda shi. Duk bazara sai ya durƙusa ya shafa masa mai, ya kore mu waje har ya bushe.

Mai shigowa wata yarinya ce, Noortje, ita kaɗai da jaririyarta mai rarrafe. Ta zo ganin gida, muka ba ta kofi. Da aka zo maganar daɓe, ta ce yuro ɗari biyu take da shi, ai tsohon katako ne. Tsohon katako! Ba da wata manufa ta faɗa ba, amma Wiebe ya ajiye kofinsa, ya ce gara ya ƙona shi. Tun ranar ya hau dokin naƙi, wai zai cire abinsa ya tafi da shi.

Ya kai shi ina, Malama? Sabon gidan an hana daɓen katako saboda na ƙasa kada ƙara ta dame su. Na nuna masa, ya yi kunnen uwar shegu. Kuma da gam ya manna shi, duk katakon da ya ɗaga sai ya tsage. Jiya na same shi a ƙasa ya kasa miƙewa, yana ce min wai hutawa yake. Hutun lafiya!

Ga inda na kwaɓa. Na bi yarinyar har wurin kekenta ranar da ta zo, na ce kada ta sayi komai, daɓen nata ne kyauta, zan shawo kansa. Ta rungume ni, ta je ta sayi gadon jaririya da kuɗin. Ban shawo kan kowa ba, ban kuma gaya masa ba. In ya gama aikinsa, yarinyar nan za ta rarrafa a kan siminti mai sanyi a tsakiyar hunturu, saboda bakina. In na gaya masa, zai ce na yi kyauta da guminsa a bayan idonsa, kuma gaskiyarsa. Na ɓoye ƙarfen da yake ɓamɓarar da shi, ya aro wani wurin maƙwabci. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, ina jin kunyar kaina. Ya zan yi?

Wadda ta kasa zama, Zwolle

*

'Yar'uwa,

Ki fara samun kujera. Sannan ki daina ɓoye ƙarfe, maƙwabta ba za su ƙare ba.

Zuciyarki mai kyau ce, amma kin yi kyauta da abin da ba naki ke kaɗai ba. Ki gaya masa yau, ba gobe ba, kuma kada ki zagaya. Zai yi faɗa, ki bar shi ya yi, yana da hakki.

Maganar daraja kuwa, kowannensu yana da rabin gaskiya. Katako irin wannan, in yana shimfiɗe, ana iya goge shi ya koma sabo, ya fi mu daɗewa a duniya, kuma sabonsa a yau sai mai hali. Amma da zarar an ɓamɓare shi daga gam, ya zama itacen hura wuta. Darajarsa tana nan ne muddin yana inda yake. Mijinki ya san haka fiye da ni da ke, shi yake jin yana tsagewa a hannunsa.

Saboda haka ba na jin kuɗi ne damuwarsa. Mutum ne da gwiwoyinsa suka kore shi daga gidansa, sai ga baƙuwa ta kira aikinsa tsoho a gabansa. Ina zargin ya ji kamar da shi ake.

Ki kira Noortje, ki faɗa mata halin da ake ciki, ita ma ta cancanci sanin gaskiya. Ta zo da jaririyar, ta ajiye ta a ƙasa, ta tambaye shi wane mai ake shafawa, sau nawa, me ke ɓata shi. Ke kuma ki shiga kicin ki rufe bakinki. Kada a ce kyauta, mutanenmu ba sa son ta, mai bayarwa da mai karɓa. Shi zai yanka farashi, ko na kofin kofi ne. Gefen da ya riga ya fasa, shi zai gyara, a zaune a kan kujera, wani yana durƙusawa a madadinsa.

In duk da haka ya ƙi, daɓen nasa ne, amma alkawarin naki ne. Sai ki shimfiɗa wa yarinyar nan wani abu daga aljihunki kafin ku miƙa makulli, kuma ki gaya masa dalili.

Ina yi muku fatan sauka lafiya a sabon gida. Yanzu ki ajiye jaridar nan, ki je ɗakin kwana, tun da sauran katako a ƙasa.

Liesbeth