Ɗakin Inna Ba Shi da Hanci

Daura,
4 ga watan Azumi.

Zuwa ga Yaya Munzali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hasana da yara. Ya ibada, ya kuma ruwan Fatakwal da aka ce ba ya ɗaukewa? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba, kuma shi ya sa na ɗauki biro.

Na san za ka yi mamaki, ga waya a hannun kowa amma na koma takarda. To, a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Da na fara sai ka ce za a duba, ka kashe. Takarda kuwa ba a katse ta. Hafizu direban motar shanu zai kawo maka har hannu.

Maganar ɗakin Inna ce. Ba wanda ya ce ba ka kyauta ba da ka sa aka sauke tsohon soron, don duk mun ga yadda ya yi yoyo bara, har da kwanoni muke tarar ruwa. Amma Yaya, an gudu ba a tsira ba. Wannan maginin Sabiru da ka turo da zanensa a waya ya ɗora kwano ƙasa-ƙasa, ya manna silin roba fari fat kamar na banki, sannan ya bi duk inda kwano ya haɗu da bango ya toshe da siminti. Ko allura ba ta wucewa. Na tambaye shi dalili, ya ce umarninka ne, wai kada jemagu su shiga su ɓata silin.

Ka tuna Baba Mati, maginin da ya yi wa mahaifinmu soron tun ba a haife mu ba? Ranar da ake aikin ya zo da sandarsa ya tsaya yana kallo. Ya ce a bar wa ɗakin hanci, wato ƙaramar taga a saman bangon gabas da wata a yamma, tsakanin kwano da silin, a sa musu raga saboda jemagun, iska ta shiga nan ta fita can ta kwashe zafin. Ya ce a kuma shimfiɗa zana a bayan silin, ta tare wutar kwanon kafin ta sauko. Sabiru ya yi dariya ya ce ba rumbu ake ginawa ba. Na kira ka, ka ce aikin zamani ne, tsoho ya je ya huta. Da kunnena na ji, kada ka ce ba ka faɗa ba.

Yanzu ga bazara ta kama. Rana na dukan kwanon tun hantsi, zafin ya taru a sama ba hanyar fita, sai ya sauko kan Inna. Man shanun da take ajiyewa a ƙwarya ya koma ruwa. Silin da kake ta nuna wa abokanka hotonsa ya fara lanƙwasa a tsakiya. Jiya na shiga bayan azahar, kafin in gama gaishe ta mayafina ya jiƙe. Ita kuwa tana zaune kan darduma da carbinta, mace mai shekara saba'in da hawan jini, ga azumi a baki.

Za ka ce ai ka tambaye ta, ta ce alhamdulillahi. Me kake so ta ce? Kai ne ɗan farinta. Matar da ba ta taɓa kiran sunanka ba, sai dai ta ce wancan na Fatakwal, wadda in ka buga waya gaisuwa biyu take yi ta miƙo min, ita ce za ta buɗe baki ta ce abin da ka yi mata yana cutar da ita? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wannan mai ɗakin ko narkewa za ta yi ba za ta faɗa ba. Na ce ta riƙa zama ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida da rana, ta ƙi. Wai maƙwabta na shigowa, in suka gan ta a waje za su ce ɗanta ya yi mata ɗakin da ba ya zaunuwa. Na ce to in kira Baba Mati ya fasa, ta ce ba mai taɓa bangon nan sai da izinin wanda ya gina shi.

Kalma ɗaya nake nema a wurinka. Ka kira, ka ce a fasa.

Maigidana Ikrima yana gaishe ka. A shafa min kan yara.

Ƙanwarka,
Adawiyya.

Daura,
14 ga watan Azumi.

Yaya Munzali,

Salamun alaikum. Ina fata kowa lafiya, ya shan ruwa? Fankar caji da ka aiko ta iso, an gode. Iskar tanderu take kaɗawa, amma an gode.

Na kuma ji saƙon muryar da ka turo, har sau uku na saurara don in tabbata kai ne. Wai ni malamar firamare na zama injiniya. Wai tagogin za su ɓata fuskar gidan, a bari ka zo da Sallah ka gani da idonka. Wallahi raina ya ɓaci, Yaya, ban kuma ɓoye maka ba. Fuskar gida kake ji, ba fuskar Inna ba, wadda ta faɗa har ƙasusuwan kumatunta sun fito. In an sha ruwa kunu kawai take kurɓa ta ture tuwon. Kullum hannunta na kan goshi, in na tambaya ta ce ba komai.

Da yake ka ce aikin zamani ne, ranar Asabar na sa Ikrima ya ɗauke ni a babur muka bi sababbin gidajen nan na hanyar Katsina. Na ɗaga kai na duba ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawansu da 'yan tagoginsu a can sama ƙarƙashin kwano, da raga. Ashe zamanin ma ya san zafi yana son hanyar fita, Sabirunka ne bai sani ba. Abin da tsoho mai sanda ya faɗa shi ne masu digiri suke yi.

Ban ce ka yi don mugunta ba. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sallah saura sati biyu, ni kuma ban ga sati biyu a jikin Inna ba.

Ka gaida Hasana.

Adawiyya.

Daura,
25 ga watan Azumi.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Inna tana nan da rai, na fara da wannan don ka iya karanta sauran.

Ranar Talata bayan la'asar Gwaggo Kande maƙwabciyarmu ta leƙa ta sami Inna a ƙasa gefen darduma, jikinta kamar garwashi, ba ta gane kowa. A asibiti suka sa mata ruwa leda huɗu. Likita ya ce zafi ne da ƙishirwa suka haɗu da hawan jinin, ya tambaye ni inda take wuni, na ji kunyar ba shi amsa. Sau goma sha ɗaya na kira ka ranar, wayarka a kashe. Daga baya Hasana ta ce kana wurin aiki inda ba sabis. Shi ke nan.

Akwai abin da ba ta san na ji ba. Tana cikin zafin zazzaɓin nan ta kira sunanka. Munzali, sau biyu. Shekarata talatin da shida, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar. Na fita baranda na yi kuka, kuma rabin kukan na haushinka ne.

Washegari ban jira izinin kowa ba. Na je na ɗauko Baba Mati. Ba ya iya hawa tsani yanzu, sai ya zauna kan turmi yana nuni da sanda, Ikrima na sama da guduma, da azuminsa. Da bulon farko ya fita, hucin da ya bugi fuskarsa sai da ya kusa faɗowa. Suka fasa gabas da yamma, aka sa raga. Aka ɗaga kwano biyu aka shimfiɗa zana a kan katakon da ke riƙe da silin, aka mayar. Ni na kwaɓa simintin gyaran gefen, ni na share ɓaraguzan. Baba Mati bai ce uffan game da kai ba, abin da ya fi ci min rai ke nan.

Ranar Juma'a aka sallamo ta. Tana shiga tsakar gida ta ɗaga kai ta ga tagogin, sai ta tsaya cik, ta ƙi ƙarasawa. Ta tambaye ni wa ya ce a taɓa bangon. Na ga in na faɗi gaskiya sawa za ta yi a toshe. Sai na ce kai ne. Na ce ka bugo waya ka ce a kira Baba Mati a yi duk yadda ya ce. Ƙarya na yi mata, Yaya, da azumi a bakina, a goman ƙarshe.

Ta shiga ta zauna. Ɗakin bai zama tsohon soro ba, amma mutum yana numfashi a ciki. Bayan azahar na leƙa na tarar tana barci, abin da ta yi wata ba ta yi ba. Tun daga ranar duk wanda ya zo dubiya sai ta nuna masa sama, ta ce wancan na Fatakwal ne, yana can nesa amma ya tuna ɗakin yana son iska. Ta sa maka albarka a gaban Gwaggo Kande. Ina zaune a wurin, siminti bai gama fita daga farcena ba, na ce amin.

Ban rubuto don ka gode min ba, kuma kada ka aiko da wata fanka. Ka kira ta yau. Za ta yi maka gaisuwa biyu ta nemi miƙo min wayar, ba zan karɓa ba. Ka ce mata kai ka sa a fasa. In ka zo da Sallah kuma, kafin ka cire takalmi ka wuce gidan Baba Mati ka durƙusa. Albarkar nan ta riga ta hau kanka, saura ka zo ka biya ta.

A gaida Hasana da yara. Allah ya karɓi ibadarmu, ya yafe min tawa ƙaryar.

Ƙanwarka, duk da haka,
Adawiyya.