Kwaɗon da Ke Jikin Tukunya

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya yara, ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙanin naki, maigidana, yana nan asibiti yadda kika bar shi, bai farfaɗo ba. Abokan aikinsa sun yi min bayani: yana walda a cikin babbar tukunyar tururi ta tashar lantarki, yana haɗa bututun farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, katakon da ya taka ya goce, ya faɗo.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. A wurinsu, duk wanda zai shiga tukunya sai ya rataya kwaɗonsa a makunninta, ya sa makullin a aljihu. Ba a hura ta sai kowa ya fito ya cire nasa da hannunsa. Kowa ya cire, saura nasa. Makullin yana wurina, a aljihun wandonsa na same shi.

Jiya Ogansu ya zo ya durƙusa a bakin gadon, ya roƙe ni. Ya ce doka ta ba shi damar yankewa, amma masu walda sun rantse ba za su sa zarto a kwaɗon mutum mai rai ba. Na hana. Ba mamaki ki ce littattafan soyayya sun ɓata ni, amma ban taɓa karanta wanda miji ya kwanta haka bai tashi ba. Shi zai cire abinsa.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki, Auta

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Saƙonki ya iso, faɗan ma ya iso.

Tunda tukunyar ta tsaya ake rabon wuta a gari. Asibiti janareta ke riƙe da shi, shekaranjiya da rana kuwa janaretan ya mutu. Na'urar da ke taimaka wa maigidan numfashi ta yi shiru. Nas ta ɗauko wata jaka ta roba tana matsa masa iska da hannu, gumi na zuba mata, har aka gyara. A ɗakin jarirai ma haka aka yi ta fama. Ni kuma ina tsaye, makulli a ƙulle a bakin zanina.

Washegari na je tashar. Suka ba ni hular kwano da takalmin da ya fi ƙarfin ƙafata. Tukunyar ta fi gidan bene tsawo, Yaya, kwaɗon kuwa bai kai tafin hannuna ba. Masu walda suka jeru. Wani dattijo cikinsu ya leƙa ciki ya kira sunan maigidan da ƙarfi, don haka ake yi kafin a rufe. Na san yana asibiti, amma wallahi sai da na kasa kunne.

Na buɗe kwaɗon.

Wuta ta dawo daidai yanzu. Bai buɗe ido ba, likita kuma ya daina cewa gobe. Littattafan da kika ce a ƙona, ki zo ki kwashe. Ki taho da shirin kwana, ba na son in kasance ni kaɗai.

Ki ce Inna ta sa mu a addu'a.

Ƙanwarki, Auta