Hannun tsohon mai tafireta da fom ɗin jikata

Zuwa ga Shugaban Sashen Ɗaukar Ɗalibai na makarantar koyon aikin ungozoma da jikata ta nema.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali da abokan aiki, ni tsohon ma'aikaci ne, haifaffen Kebbe, mazaunin Tambuwal. Aikina buga tafireta, tun ina saurayi har na yi ritaya.

Da farko godiya. Wannan shafi naku na intanet na cike fom alheri ne. A da sai mutum ya hau babur daga Kebbe, ya sha ramuka, ya nemi motar Sakkwato, don kawai ya karɓo takarda guda. Yanzu ana zaune a shagon kwamfuta na bakin tasha a gama komai. Ni kam na yaba.

Na biyu, ga abin da ya same ni. Jikata Hafsatu ta ci jarrabawarta da kyau, burinta ta koyi karɓar haihuwa ta koma Kebbe ta yi wa matan garinmu aiki. Da muka je shagon, na ce mai shago ya tashi, ni zan cike da hannuna. Girman kai ne, ban musa ba. To, a shekarun da kuɗin man fetur ya yawaita a hannun gwamnati, an kawo mana tafireta mai lantarki a ofis. Tana da wani babban maɓalli a dama, in ka gama layi sai ka danna shi ka sauka na ƙasa. Ɗan yatsana ya saba da haka har ba ya shawara da ni. Na rubuta sunan Hafsatu, na rubuta garinmu, na danna wannan maɓalli da yanzu ake kira Enta. Ashe a shafinku ma'anarsa an gama, a aika. Fom ya tafi babu sakamakon jarrabawa, babu hoto. Muka sake gwadawa, shafi ya ce wannan ɗaliba ta riga ta aika, ba a aikawa sau biyu.

Na uku, ban ce laifinku ne duka ba. Amma ko a ofishinmu, ba a kai wasiƙa gidan waya sai an tambayi mai ita ko ya duba. Me zai hana shafin ya tambaya kafin ya aika, ko ya ƙi karɓar fom da rabinsa babu komai?

Hafsatu, wadda kullum take tsokanata da tsoho mai ran ƙarfe, ranar dai ta dube ni ta ce, “Ba komi, Kaka, mu tai gida.” Tun daga nan ba ta sake tsokanata ba, kuma wallahi abin yana damuna.

Roƙona biyu ne. A gyara shafin saboda masu hannu irin nawa. Sannan a buɗe wa Hafsatu fom ɗinta kafin a rufe karɓa, ta cike da kanta, ni kuwa zan tsaya a waje. Kada ta rasa shekara guda saboda kakanta ya so a ga ya iya.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya.

Wassalam, daga mai jiran amsarka,
Umaru mai tafireta, Tambuwal.