Na'urar Jin Bilkisu Ta Yi Shiru

Zuwa ga Shugabar ƙungiyar da ta raba wa ɗalibai masu matsalar ji na'ura a Ajingi,

Assalamu alaikum. Hajiya, barka da aiki. Ni manomin gyaɗa ne a Toranke, mahaifin Bilkisu, ɗaya daga cikin yaran da kuka saka wa na'urar ji bara.

Sanƙarau ne ya taɓa mata kunne tana aji uku. Shekara biyu tana zuwa makaranta tana kallon bakin malami kawai. Ranar da kuka saka mata na'urar, ta dawo gida ta ce da uwarta, "Inna, ashe muryarki tana nan yadda take." A zangon karatun ne ta fara ɗaga hannu a aji, ta koma Islamiyya. Ban manta da wannan alheri ba. Amma ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya, batirin da kuka bayar ya ƙare kafin mu cire gyaɗa. Na zaga kasuwar Ajingi da shagunan Gaya, sai batirin agogo ake miƙo mini. Sai da na je Kano sau biyu kafin na samu.

Na biyu, robar da ke shiga kunne ta tsage, na'urar sai fito take yi, daga baya ta mutu. Ba ku koya wa ko malami ɗaya gyaranta ba.

Na uku, lambar wayar da kuka bar mana ba ta shiga. Shugaban makaranta ya ce aikinku a nan ya ƙare.

Da can Bilkisu ta saba da shiru, ba ta kuka. Yanzu ta san abin da ta rasa. Kullum da safe tana maƙala matacciyar na'urar a kunne, don kada ƙawayenta su gane. Makon jiya malami ya yi ta kiranta ba ta waiwayo ba, 'yan aji suka yi dariya. Tun ranar ba ta koma ba.

Roƙona, Hajiya, ku turo mai gyara, ku ajiye batir a Gaya. Gaskiya ban sa ran amsa ba. In hakan ba zai yiwu ba, to kada ku sake saka wa ɗan wani, domin ban san yadda ake gaya wa yarinya ta haƙura da kurumta karo na biyu ba.

Allah Ya yi miki jagora, Ya raya miki naki da lafiyar ji da gani.

Wassalam,
Mahaifin Bilkisu, Toranke.